Kyamarar bakin ƙofa a wani siton aya a Maraɗi: yadda aka tashi daga Arduino Uno aka koma ESP32-CAM

Wani ɗan kasuwar hatsi a Maraɗi yana da sito a bayan gidansa, inda yake jibge buhunan aya da wake tun daga kaka har farashi ya ɗaga. Makullin yana yawo hannu-hannu tsakanin ƴaƴansa da yaran shago, kuma duk ƙidayar da aka yi sai a tarar da giɓin buhu ɗaya ko biyu. Bai nemi kyamarar tsaro irin ta banki ba, don ba a ja wuta zuwa siton ba. Abin da ke ciki batir ne mai volt 12 da ƙaramin farantin sola da ke kunna ƙwai ɗaya. Buƙatarsa ba ta da yawa: duk lokacin da aka buɗe ƙofa a ɗauki hoto, a ajiye shi a katin memori tare da ranar da sa'ar. Ya damƙa aikin ga ɗan ƙanensa, ɗalibi mai sha'awar haɗe-haɗen lantarki, wanda ke da allon Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake zuba wa manhaja, da ƴar kyamara OV7670.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Yaron ya shafe kwanaki yana jona wayoyi kafin ya zauna ya yi lissafin da ba ya cin minti biyar. OV7670 tana ba da hoto mai ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, wato ɗigo 307,200. In mai launi ne, kowane ɗigo yana cin bayit 2, jimla 614,400. Ƙwaƙwalwar aiki ta ATmega328P, guntun da ke kan Uno, bayit 2,048 ce kacal. Hoto ɗaya ya ninka ta sau 300 cif. Ko an rage shi zuwa 160 da 120, aka cire launi, bayit 19,200 ne, har yanzu ya fi ƙarfinta sau tara da ɗoriya. Kuma wannan kyamarar ba ta iya matse hoto ya zama JPEG. Ɗanyensa take zubowa, ta layuka takwas a lokaci guda, ba ta jiran kowa.

Ana iya yi mata dabara, kuma mutane da dama sun yi: a rage gudunta, a karanta layi ɗaya, a tura wa kwamfuta, a koma na gaba. Amma a gudun aikawa na 115200, wanda ke ɗaukar kimanin bayit 11,500 a daƙiƙa, cikakken hoto zai kusa cin minti ɗaya. Mai buhu a kafaɗa ya daɗe da isa bakin titi. Ga kuma ƙarancin ƙafafu, wato wuraren jona waya a jikin allo. Kyamarar na son takwas na hoto, da PCLK, VSYNC, HREF, XCLK, da biyu na ba ta umarni, goma sha huɗu ke nan. Katin memori na son huɗu. Uno na da ashirin, biyu daga ciki na magana da kwamfuta ne. Babu ko ɗaya da ta rage wa ƙofa. A kan haka, Uno na aiki da volt 5 ita kuma kyamarar 3.3, sai an rage ƙarfin XCLK da rezista, in ba haka ba a ƙone ta.

Akwai nau'in OV7670 mai guntun AL422B a bayanta, wanda ke riƙe hoton har allo ya kwashe a hankali. Yana magance gudu, ba ya magance ƙafafu. A ganinmu Uno da OV7670 kayan koyo ne masu kyau, za su nuna wa ɗalibi yadda hoto ke fitowa layi-layi, amma ba kayan gadin sito ba ne.

Allon da aka koma

An sayo ESP32-CAM samfurin AI-Thinker. Guntunta na gudu har 240 MHz, yana da ƙwaƙwalwar ciki KB 520, an ƙara masa MB 4 a waje, wadda ake kira PSRAM. Tana da gurbin katin memori, da farar fitila mai haske, da Wi-Fi. Kyamararta OV2640 na kaiwa ɗigo 1600 da 1200, kuma ita da kanta take matse hoton kafin ta miƙo shi. Wannan matsewar ita ce bambancin duka: hoton da ɗanyensa ya kusa MB 4 sai ya dawo KB ɗari da wani abu.

A duba rubutun da ke jikin zirin wayar kyamarar tun a gaban mai sayarwa. Wasu allunan da ke shigowa yanzu suna zuwa da wata kyamarar daban, an rubuta RHYX M21-45 a jikinta. Kamanninsu ɗaya, tana shiga gurbi ɗaya, amma ba ta yin JPEG, kuma manhajar gwaji za ta ƙi tashi da ita. Wanda zai sa a taho masa da kaya daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, ya rubuta OV2640 a takarda ya ba ɗan aiken.

Zirin yana da ƙafafu 24, rabin milimita tsakanin kowace biyu. Ana ɗaga baƙin murfin gurbin da farce, a tura zirin a miƙe, gefen zinarin yana kallon allo, har ya tsaya, sannan a danne murfin. Karon farko yaron ya tura shi a ɗan karkace, sai kwamfuta ta nuna "Camera probe failed with error 0x105", ma'ana allon ya yi sallama kyamara ba ta amsa ba. Abu biyu ke yawan jawo wannan: zirin bai zauna ba, ko ba a zaɓi samfurin da ya dace a manhaja ba. A misalin CameraWebServer da ke zuwa da Arduino IDE, layin CAMERA_MODEL_AI_THINKER kaɗai za a bari a buɗe, a rufe sauran. Murfin nan kuwa in ya karye, sai a kai wa mai gyaran salula, shi ke da hannun irin wannan aikin.

Allon ba shi da gurbin USB. Ana zuba masa manhaja ta ƴar na'urar CH340 ko FTDI: TX ɗinta zuwa U0R, RX zuwa U0T, GND (ƙafar korau ta wuta) da GND. A sa tsallakenta, wato ɗan murfin zaɓar volt, a kan 3.3, a ba allon volt 5 daga wani wuri dabam, a haɗa GND ɗinsu. Sai a jona IO0 da GND, a danna RST, maɓallin sake tayarwa da ke ƙasan allon, a tura. In an gama dole a cire wayar IO0 a sake danna RST, domin ƙafar nan ita ce ke kai wa kyamara bugun agogonta. Ƙafar da aka rubuta VCC kuma fitar da wuta take yi, ba a shigar da wuta ta nan. Mai son hutu ya sayi ƙaramin allon ESP32-CAM-MB, a dasa wannan a kan wancan, magana ta ƙare.

Wuta

A kan tebur komai ya yi. Da aka kai sito, aka ja siririyar waya mai tsawon mita uku daga wurin batir, sai allon ya shiga mutuwa yana farfaɗowa, yana maimaita "Brownout detector was triggered", wato mai gadin wutarsa ya ga ta yi ƙasa. Yaron ya sa mita, ta nuna masa volt 5 daidai. Ya rantse wuta lafiya take.

Mita ba ta yi ƙarya ba, idonta ne ba shi da sauri. Allon yana tafiya a kan mA (ma'aunin wutar da ake ja) ɗari da wani abu, amma lokacin da Wi-Fi ke aikawa, ko fitila ta kama ana rubutu a kati, yakan fizgi sama da mA 300 na ɗan ƙiftawar ido. Siririyar waya mai tsawo tana cinye wani kaso na ƙarfin a hanya. Guntun AMS1117 da ke mai da volt 5 zuwa 3.3 kuwa yana son a ba shi rarar kusan volt 1.1, in abin da ke iso shi ya faɗi ƙasa da 4.4, layin 3.3 ya fara zubewa, in ya kai wajen 2.4 guntun ya kashe kansa ya sake tashi. Ana yawo da wani layin umarni a intanet da ke kashe wannan mai gadin. Kada a yi. Wutar ba ta gyaru ba, gargaɗin kawai aka toshe, kuma in ta faɗi ana tsakiyar rubutu, katin ne zai lalace da hotunan da ke ciki.

Gyaran da aka yi: aka bar doguwar wayar ta ɗauko volt 12, aka matso da na'urar rage ƙarfi LM2596 kusa da kyamara, tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba, da waya mai kauri. Aka murɗa ɗan sukurinta ana kallon mita har ta tsaya a 5.1, tun kafin a jona allon, don sabuwa takan zo a buɗe, tana fitar da kusan duk abin da aka ba ta. Aka like kwandansa mai µF 1000 tsakanin 5V da GND a jikin allon, ƙafar da ke gefen farin zane a GND. Aka sa fis a kusa da kan batir. Sito ne cike da busassun buhuna, wannan ba abin ragi ba ne.

An yi maganar amfani da batirin cajin salula ko ƙwayar 18650, aka watsar. Yawancin na cajin salula suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, alhali allon in yana barci mA kaɗan yake ci, wajen 6. Wannan ma ba ƙarami ba ne: mA 6 sau awa 24 ya ba da mAh 144 a yini, ƙwaya mai mAh 2500 ba za ta wuce mako biyu da ƴan kwanaki ba ko da ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba. Waɗanda aka rubuta wa 9900 kuwa rubutu ne kawai, ta gaskiya ba ta wuce wajen 3500. Sannan batirin litiyam ba a son a caja shi a zafin da ya haura digiri 45, kuma duk wanda ya shiga ɗakin kwano a Maraɗi da azahar a watan Afrilu ya san inda aka dosa.

Abin da zai tayar da allon

An fara da na'urar jin motsi HC-SR501. A wata uku na sanyi za ta iya burge mutum. Aikinta shi ne jin bambanci tsakanin ɗumin jikin mai wucewa da na abin da ke bayansa. Jikin mutum bai wuce digiri 37 ba. In bango da buhuna sun kai haka ko sun fi, mutum ya saje da su. Da bazara sai ta riƙa barin ƙato ya shiga ya fita, amma in iska mai zafi ta kutso ta ƙasan kwano, ko ɓera ya gifta a gabanta, ta ɗauki hoton buhuna. Aka cire ta aka sa makunnin maganaɗisu, irin na ƙararrawar ƙofa: maganaɗisun a jikin ƙyaure, makunnin a jikin dogaran ƙofa, tazararsu ƙasa da santimita ɗaya. Da yake ƙofar ta ƙarfe ce, kuma ƙarfe na shanye ƙarfin maganaɗisu, sai da aka sa ɗan katako a ƙarƙashin kowanne.

A nan ne aikin ya fi ɗaure kai. ESP32-CAM ta fi Uno ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, amma ita ma ƙafafunta a cike suke. Kyamara ta kwashe goma sha biyar. GPIO16 na PSRAM ce. Kati, in an bar shi yadda ya zo, yana riƙe 2, 4, 12, 13, 14 da 15, kuma da yake 4 ita ce ta fitila, duk rubutun da aka yi sai fitilar ta yi walƙiya, ta tona asirin inda kyamara take. Ana buɗe katin da layi ɗaya, SD_MMC.begin("/sdcard", true), sai 4 da 12 da 13 su kuɓuta. GPIO12 tarko ce: in ta tarar da wuta lokacin da aka kunna allon, guntun zai ba ma'ajiyar manhajarsa volt 1.8 maimakon 3.3, ya ƙi tashi. Saura 13. Aka jona makunnin tsakanin 13 da GND, da rezista 47k zuwa 3.3. Ƙofa a rufe, ƙafar tana ƙasa. An buɗe, ta hau sama, allon ya farka.

Ya yi aiki kwana da kwanaki, sai kati ya ƙi buɗuwa. Danna RST bai yi magani ba, sai an zare wuta gaba ɗaya. Aka canja kati, aka sake komawa gidan jiya. Da aka bi sawu, sai aka ga abin na faruwa ne in an buɗe ƙofa an rufe nan take, ko in allon ya farka don ɗaukar hoton awa-awa da aka tsara masa alhali ƙofa na rufe. Dalilin yana cikin ƙa'idar katin kansa. Ko da manhaja ta saki GPIO13, a kan allo tana nan a jone da ƙafar D3 ta kati. In kati ya karɓi umarnin farko ya ga wannan ƙafar a ƙasa, sai ya ɗauka ana so ya koma wani salon magana, SPI, kuma ba ya dawowa sai an yanke masa wuta. Barcin allon ba ya yanke wutar kati. Makunnin ƙofa ne ke danne ƙafar a daidai lokacin da bai kamata ba.

Maganin rezista ɗaya ne da layi uku. Aka sa 2.2k a jere da makunnin, don kada ya zama gajeriyar hanya zuwa GND. In allon ya farka, sai ya fara karanta halin ƙofa, ya kira rtc_gpio_deinit a kan 13, ya mai da ita mai fitarwa ya ɗaga ta sama, sannan ya buɗe kati. Abin da ke bi ta rezistan a lokacin mA 1.5 ne, ba komai. Kafin ya koma barci ya mai da ita mai sauraro.

Wani abu kuma: in ana lodi aka bar ƙofa a buɗe, allon zai kwanta ya ga ƙafar a sama ya sake farkawa, har ya cika kati da hoto iri ɗaya. Aka tsara shi ya ɗauki hoto biyar a buɗewar farko, sannan ɗaya kowane rabin minti, in ya kai adadin da aka yanka ya kwanta yana jiran rufewa maimakon buɗewa. Lambar hoto kuma a Preferences, ma'ajiyar da ba ta gogewa, ake ajiye ta, don abin da aka ajiye a ƙwaƙwalwar barci yana gogewa in wuta ta yanke, sabon hoto ya hau kan tsoho.

Hoton kansa

Hotunan farko kore-kore ne masu duhu. Kyamarar tana bukatar ɗaukar ƴan hotuna kafin ta daidaita haske da launi, don haka aka sa a zubar da huɗun farko, kowanne a mayar da shi da esp_camera_fb_return. Wannan ya ƙara kusan daƙiƙa ɗaya, shi ya sa wurin dasawa ya zama muhimmi. An fara kafa ta tana fuskantar ƙofa kai tsaye. Da yaron ya kai wa kawunsa hotunan a salula, sai ya juya su ya ce, "To ɗana, wannan baƙin dogon, wane ne a cikinsu?" Ya ce, "Baba, rana ce a bayansa." Ya ce, "Ai ranar na gane ta, mutumin nake tambaya."

Hasken tsakar gida ya rinjayi na cikin sito, kyamara ta bi mai rinjaye, mutum ya zama inuwa. Aka mai da ita gefen ƙofa daga ciki, daidai tsayin kai, tana kallon buhuna a karkace. Yanzu hasken ƙofa yana faɗa wa fuskar mai fitowa, da abin da ya ɗauko. An tsaya a girman 1024 da 768, inganci 12 (a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ta fi kyau). Ko da kowane hoto ya kai KB 200, katin GB 8 zai ɗauki dubu arba'in. A tsara katin da FAT32, kada ya wuce GB 32, kuma a gwada shi da manhajar H2testw, don katin da ke faɗin abin da ba shi da shi ya yi yawa a kasuwa. Da dare fitilar GPIO4 na haska mita biyu zuwa uku, ya isa bakin ƙofa.

Takardar OV2640 ta ce hoto yana tsayawa da kyau tsakanin digiri 0 da 50. Lokacin gwaji, da aka bar ta tana aika bidiyo ba tsayawa a kusa da kwano, ɗige-ɗige masu launi sun cika hoton da rana. Da aka sauko da ita jikin bango, kuma ta koma aikin ƴan daƙiƙu tana barci, abin ya ɓace. Akwatin roba aka sa ta, huji a ƙasa kawai, an rufe da ragar sauro saboda tururuwa da ƙwarin wake.

Agogo shi ne ɓangaren da bai gamsar ba. Ƙafafun da za a jona guntun agogo DS3231 sun ƙare, agogon cikin guntun kuma yana zamewa da mintuna a yini, zafi na ƙara masa. Abin da aka yi: a buɗewar farko ta kowace safiya, bayan ya ajiye hotuna, allon yana neman Wi-Fi na salular babban ɗan mai siton na daƙiƙa goma sha biyar, in ya samu ya ɗauko lokaci daga intanet, ya ƙara daƙiƙa 3600 na agogon Nijar. Dole a sa rabon intanet na salular a kan 2.4 GHz, ESP32 ba ta ganin 5 GHz. In aka yi kwanaki bai zo ba, sa'ar da ke kan hoto kimantawa ce, kuma manhajar na saka harafi a sunan hoton don a san haka.

An sanar da duk masu riƙe makulli cewa akwai kyamara, tun ranar da aka kafa ta. Haka ya fi, ko don zumunci, kuma ƙasar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017. Ƙidayar da ta biyo baya ta zo daidai, kuma hotunan sun nuna wani abin da ba a yi tsammani ba: ana fitar da buhu da izini a kai shago, a manta ba a rubuta a littafi ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da aka rubuta aka manna a jikin akwatin. In za a sa wa wake ƙwayar turaren kashe ƙwari, irin ta Phostoxin, a kwance kyamarar da LM2596 a fitar da su har a gama shan iska. Iskar da ƙwayar ke fitarwa tana cin tagulla, kuma ƙafafun zirin nan masu rabin milimita ba su da abin da za su bayar. Waken da ke cikin buhu mai ruɓi uku na PICS ba ya bukatar turaren, don haka an tattara shi a ɗakin da kyamara take, na turare aka kai ɗayan. Da hunturu kuma a goge idon kyamarar da busasshiyar auduga duk mako, a hankali, kada a murɗa shi, don murɗawa ce ke canja nisan da yake gani sosai.